A Auna Jinin Yara Tun Kafin Su Kwanta: Jawabi Ga Jama'ar Shango, Minna

 

Maganar da ta tara mu yau ita ce gubar dalma, da yadda awon jini yake tona asirinta. Ba labarin wata ƙasa mai nisa ba ne. A cikin watan Mayu na 2015 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ba da sanarwar mutuwar yara 28 a Shikira da ƙauyukan da ke kewaye da ita, cikin Ƙaramar Hukumar Rafi, a nan Jihar Neja. Kafin wannan kuwa, a 2010, yara fiye da 400 sun rasu a yankunan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Sanadin duka ɗaya ne. Dutsen da ake haƙowa don neman zinariya yana ɗauke da dalma, ana kawo shi cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurar ta kwanta a tsakar gida, yaro mai rarrafe ya kai hannu ƙasa ya kai baki.

Abin da ya sa cutar nan take da wuyar ganewa shi ne kamanninta. Yaro ya yi amai, ya yi ciwon ciki, ya shiga jijjiga, sai a ce zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. A Zamfara an yi ta ba da magungunan waɗannan cututtuka, yara ba su daina mutuwa ba, sai da aka ɗibi jininsu aka auna sannan gaskiya ta bayyana. Wata 'yar na'ura da ake kai wa ƙauyuka iyakar awonta 65 ne, amma jinin yara da yawa ya wuce abin da take iya karantawa.

To, ga ma'anar lambobin. Ana auna dalma da maikirogiram a cikin kowane desilita na jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan awon ya kai 5, lalle a binciko inda dalmar take shigowa a toshe. Idan na ƙaramin yaro ya kai 45, sai a ba shi maganin da ke kama dalma ya fitar da ita ta fitsari. Tsakanin 5 da 45 yaro yana iya yin wasansa kamar lafiyayye, alhali kuwa gubar tana cin ƙwaƙwalwarsa, sai ya shiga makaranta a ga karatu ya gagare shi. Ido ba ya ganin wannan, jini kaɗai yake faɗa.

Har wa yau, magani ba ya wadatarwa idan yaro zai koma kan gurɓatacciyar ƙasa. Shi ya sa a Zamfara da Shikira sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa.

Saboda haka, iyaye, kada a daka dutsen zinariya a cikin gida. Mai haƙa ya yi wanka ya sake tufafi kafin ya ɗauki ɗansa. Muna kuma kira ga wakilanmu da gwamnati su kai kayan awon jini asibitocin yankunan da ake haƙa, a riƙa auna yara 'yan ƙasa da shekara 5 da mata masu ciki. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Allah ya raya mana zuriya. Wassalamu alaikum.