Da Wane Harshe Za a Fara Karantar da Yaro?

Yaro ɗan aji ɗaya a Kiru ko Bebeji da Hausa yake kwana, da ita yake tashi, amma littafin lissafinsa da Turanci yake. Malam ya rubuta a allo, yara su amsa baki ɗaya, a tashi babu wanda ya gane. Alhali a 1977 tsarin ilimin ƙasa ya ce a fara da harshen uwa. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarbanci shekara shida, Turanci yana darasi guda, ba a bar su a baya ba, har a Turancin.

Iyaye za su ce ai jarrabawar WAEC da JAMB da Turanci ake yi. Gaskiya ne, shi ya sa ya kamata Turanci ya samu ƙwararren malami da lokacinsa kullum, maimakon kowane malami ya riƙa kame-kame da shi. Wanda ya iya karatu da Hausa ya riga ya san harafi. Inda gizo ke saƙar shi ne Doguwa da Tudun Wada: 'ya'yan Fulanin gefen dajin Falgore da na Kurama ba duka ne Hausa take harshen gidansu ba, kuma sai an nemo malami daga cikinsu.