Tawada Mai Araha da Hotunan Sallah



Duk wanda ya ɗauki hoton hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, ya koma gida Birni ko Zango ya buga shi da tawadar nan mai araha, sa'an nan ya tarar jar rigar dogari ta koma ruwan ɗorawa, fuskokin jama'a kuma sun yi kore-kore, to, kada ya yi gaggawar yanke wa tawadar hukunci, domin galibi illar daga wani wuri take.

Na'urar buga hoton tana haɗa kowane launi ne daga tawada huɗu, wato shuɗiya, ja, rawaya da baƙa, waɗanda ke fita ta ƙananan ƙofofi da ba su kai kaurin gashi ba. Idan zafin bazara ya busar da ƙofar ja, ko ƙurar hunturu ta toshe ta, dole ne mizanin launi ya karkata. Maganinsa a buga shafin gwaji a ga wadda ta ɗauke, a umarci na'urar ta wanke kanta sau ɗaya ko biyu, a riƙa bugu kowane mako, a kuma lulluɓe ta da zane.

Amma aibin da haƙiƙa na tawadar ne shi ne saurin koɗewa, saboda haka hoton da za a rataya a zaure a nisanta shi da hasken rana.