Shiri na 17: An Ce Mu Koma Makaranta Ranar Litinin, To Wace Makarantar?

Kamar yadda muka saba, ga shirin wannan makon a rubuce saboda 'yan uwanmu da data ba ta isar su sauraron murya. Wanda ya karanta ya tura wa na kusa da shi.

Yau maganar makaranta za mu yi. Litinin mai zuwa, 18 ga Janairun 2021, ita ce ranar da gwamnatin tarayya ta ce a koma aji, daga firamare har jami'a. Kun dai ga yadda makon nan ya tafi. Ranar Litinin 11 ga wata ministan ilimi Malam Adamu Adamu ya fito a taron kwamitin shugaban ƙasa kan korona ya ce za a sake duba ranar, saboda cutar ta dawo karo na biyu, waɗanda suka kamu a ƙasar sun haura dubu ɗari. Iyaye suka dakata da ɗinkin yunifom, ɗaliban da suka fara haɗa kaya suka ajiye jaka. Kwana uku bayan nan ma'aikatar ta fitar da sanarwa cewa ranar tana nan daram. To shi ke nan, sai a sake ɗaukar jaka.

Wani zai ce ai kwana uku ne kawai na ruɗani, mene ne abin tada jijiyar wuya? Abin da ya sa nake magana shi ne ba yau aka fara ba. Ku tuna watan Yulin bara. Ranar 6 ga wata ƙaramin ministan ilimi Chukwuemeka Nwajiuba ya ce za a fara jarrabawar WAEC ranar 4 ga Agusta. Ranar 8 ga wata, kwana biyu kacal, babban ministan ya fito daga taron majalisar zartarwa ya ce makarantun gwamnatin tarayya ba za su yi jarrabawar ba, ya gwammace yara su rasa shekara guda da a jefa su cikin haɗari. Ma'aikata ɗaya ce fa, gini ɗaya. Kafin watan ya ƙare kuma aka dawo aka ce 'yan ajin ƙarshe su koma 4 ga Agusta, jarrabawa 17 ga wata. Yaron da ya yi wata huɗu a gida, wani ma yana gona, wani yana tallan ruwa a tasha, aka ba shi mako biyu ya shirya wa jarrabawar da za ta yanke masa hanyar jami'a.

Kuma ku riƙe wannan: ranar 8 ga Yulin da aka ce makaranta haɗari ce, a ranar ce jiragen sama na cikin gida suka dawo tashi tsakanin Abuja da Legas. Tun 1 ga Yuli an ɗage hana tafiya daga jiha zuwa jiha. Kasuwanni a cike. A watan Satumba aka yi zaɓen gwamna a Edo, a Oktoba aka yi na Ondo, kowa ya ga taron kamfe a talabijin, mutum kan mutum. A Disamba kuma, korona na sake tashi, aka ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar NIN, jama'a suka yi cincirindo a ofisoshin rajista tun asuba. Duk waɗannan an samo musu dabara, ko an kau da kai. Aji ne kaɗai aka yi ta juyawa kamar waina a tanda.

Kada wani ya ɗauka ina cewa rufe makarantu a watan Maris kuskure ne. A'a. A lokacin babu wanda ya san girman abin da ke tafe, duniya gaba ɗaya ta rufe. Mu da muke Arewa mun ga watan Afrilu a Kano, mun ga yadda aka riƙa kai dattawa makwanci ɗaya bayan ɗaya, Allah Ya jiƙansu. Duk shugaban da ya ji tsoro a lokacin yana da hujja. Tsoron minista a Yuli ma ina fahimtarsa, ba wanda yake son a ce a hannunsa 'ya'yan mutane suka mutu.

Matsalata ita ce abin da aka yi da lokacin. An rufe a ƙarshen Maris, ba a buɗe wa kowa da kowa ba sai wajen 12 ga Oktoba. Wata shida da wani abu ke nan yawancin azuzuwa na zaman banza, in ban da na 'yan ajin ƙarshe da suka koma. Idan kana son ka gyara rufin aji, ka haƙa rijiyar burtsatse, ka gina banɗaki, ka ƙara benci, ai ba ka taɓa samun dama irin wannan ba, domin ba za ka katse wa kowa darasi ba. Amma duk hayaniyar da muka ji a kan rana ce: a buɗe 4 ga wata, a'a 17, a'a 12, a'a 18. Ba mu ji ana faɗan famfo nawa aka kafa ba.

A watan Yuli ma'aikatar ilimi ta fitar da ƙa'idojin komawa makaranta. A takarda abin gwanin sha'awa: wurin wanke hannu da ruwa da sabulu, auna zafin jiki a bakin ƙofa, takunkumin fuska, tazara tsakanin yara, a raba aji gida biyu idan ya cika. To bari mu yi ɗan lissafi, ba sai mun kira farfesa ba. Ku ɗauki aji mai tsawon mita 8 da faɗin mita 7. Idan za a bar mita biyu tsakanin yaro da yaro kamar yadda masana lafiya ke cewa, ajin nan da ƙyar zai ɗauki yara goma sha shida, kuma sai malam ya manne da allo. A watan Nuwamba ni da wasu abokan tafiya mun shiga wata firamare ta gwamnati a unguwarmu, ba zan kama suna ba. Na ƙirga yara a aji uku na firamare da kaina, sun haura casa'in, fiye da rabi a ƙasa suke zaune, gwiwa na gugar gwiwa. A bakin ofishin hedimasta akwai bokiti ɗaya mai famfo, wanda wani bawan Allah ya kawo sadaka. Babu ruwa a ciki, domin makarantar ba ta da rijiya, sai an saya wurin 'yan garuwa, kuma babu wanda ya ware kuɗin sayen. Malaman nan ba su da laifi ko kaɗan, wallahi ƙoƙari suke yi. Yara casa'in a ajin mutum goma sha shida, sai ka raba su gida shida. Ina azuzuwan? Ina malaman? Wanda ya rubuta ƙa'idar ko dai bai taɓa shiga irin wannan ajin ba, ko ya shiga ya rubuta duk da haka.

Nan kuma dole mu juyo kan gwamnoni, don mu matasa mun fiye jifan Abuja da komai. A 2020, makarantun sakandare da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta mallaka guda 104 ne kawai a faɗin ƙasar nan. Sauran, firamaren unguwarku da sakandaren garinku, na jiha ne da ƙaramar hukuma. Shi ya sa Oyo ta mayar da 'yan ajin ƙarshe tun farkon Yuli, Legas ta buɗe a Satumba, kowa da kiɗansa. Akwai kuma kuɗin hukumar UBEC, wanda dokar 2004 ta ware domin ilimin matakin farko. Sharaɗin shi ne jiha ta ajiye nata kason, sai a ba ta kwatankwacinsa. Shekara da shekaru biliyoyin naira na kwance saboda wasu jihohi sun ƙi ajiye nasu. Kuɗin benci da famfo ke nan fa. Don haka idan gwamnanku ya ce yana jiran umarnin Abuja, ku tambaye shi ko Abuja ce ta hana shi haƙa rijiya.

Abin takaicin, mun taɓa bin wannan hanyar. A 2014 lokacin Ebola, Malam Ibrahim Shekarau yana ministan ilimi, an ɗage komawa makaranta zuwa 13 ga Oktoba, daga baya aka dawo da ita 22 ga Satumba, ƙungiyar malamai ta NUT ta yi ta ƙorafi kan rashin kayan kariya. A lokacin ma bokiti da na'urar auna zafi aka raba. Ebola ta wuce, bokitai suka fashe, shekara shida bayan nan muka sake farawa daga bokiti.

To karatun gida fa da aka ce an yi? 'Ya'yan masu hali a manyan makarantun kuɗi sun ci gaba ta Zoom da WhatsApp, Allah Ya ƙara musu. Jihohi irin su Kaduna da Kano sun saka darussa a rediyo da talabijin, kuma ban raina wannan ba, ya fi babu. Amma yaro ɗan aji biyu ba zai ɗaga hannu ya tambayi rediyo ba, rediyon ma na baba ne, ya tafi da shi gona. Sai ga shi a watan Mayu ma'aikatar jin ƙai ta ce tana ciyar da 'yan makaranta a gidajensu a Abuja da Legas da Ogun, an kashe sama da naira miliyan 500. Ban ce kowa ya ci ba, ba ni da hujja. Tambaya kawai nake: rijiya nawa wannan kuɗin zai haƙa a makarantu?

Almajirai kuwa, nasu ya fi na kowa ciwo. A Afrilu da Mayu gwamnonin Arewa suka riƙa loda yara a motoci ana mayar da su jihohinsu, a tsakiyar annoba, aka gwada wasu aka same su da cutar bayan sun isa. An ce za a saka su makarantun boko kusa da iyayensu. Ku leƙa titi yau ku gaya min ko ba su dawo ba.

Na jami'a kuma biyu ta haɗe musu. Ƙungiyar ASUU ta shiga yajin aiki 23 ga Maris kan tsarin albashi na IPPIS da sauran alƙawura, ba ta janye ba sai 23 ga Disamba. Wata tara cur. Korona ta zama inuwar da kowa ya fake a ciki, ba wanda ya ji gaggawar sulhu tunda dama makarantu a rufe suke. Yanzu za su koma ɗakin kwanan da aka gina don mutum huɗu, mutum goma a ciki.

Sannan ga abin da ya fi korona tsorata iyaye a wajenmu. Daren 11 ga Disamba aka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a jihar Katsina aka kwashe yara sama da 300. Alhamdulillahi sun dawo, amma bayan nan jihohi da dama sun sake rufe makarantu. Uban da ke ƙauye yau, idan ka ce masa ya mayar da ɗansa makarantar kwana, ba takunkumi zai tambaye ka ba, katanga zai tambaya da mai gadi. Ban ga wannan a cikin sharuɗɗan ranar Litinin ba.

To ni ina na tsaya? A buɗe. Na faɗa ƙarara, a buɗe ranar Litinin. Na ji wasu 'yan majalisar wakilai na neman a ƙara wata uku, kuma da a ce za a yi amfani da wata ukun a gyara wani abu da na goyi baya. Amma wanda bai haƙa rijiya a wata shida ba, me zai yi da uku? Tun kafin korona UNICEF na cewa yara miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a Arewa. Duk makon da aka ƙara, wata yarinya 'yar aji biyu na sakandare an kawo kuɗin aurenta, wani yaro ya saba da kuɗin acaɓa ko na ga-ruwa, ba zai sake zama a benci ba. Waɗannan ba sa fitowa a alƙaluman da NCDC ke wallafawa kowane dare. Babu mai ƙirga su.

Shi ya sa nake so mu ƙirga su da kanmu. Ranar Litinin ko Talata, ku haɗu ku biyu ko uku, ku saka takunkuminku, ku je firamaren gwamnati mafi kusa da gidanku. Ku fara da gaida hedimasta cikin ladabi, ku gaya masa ba faɗa kuka zo yi ba, kada kuma ku ɗauki hoton fuskar yaran mutane. Ku duba ko akwai ruwa, ba bokiti ba, ruwa. Ku ƙirga yaran aji ɗaya. Abu mafi muhimmanci, ku roƙi malamin aji ya buɗe rajista ya gaya muku yara nawa ne sunansu ke ciki a watan Maris na bara da har yau ba su dawo ba, mata nawa, maza nawa. Kusan kowace makaranta tana da kwamitin al'umma da ake kira SBMC, mai unguwa da iyaye na ciki, ku nemi shugabansa ku ba shi abin da kuka samu, ku kai kwafi ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku. In yaran da suka ɓace 'yan layinku ne, ku ne kuka san ƙofar gidansu, ku je da dattijo ɗaya ku yi sallama.

Ku turo mana sunan ƙaramar hukuma da lambobin da kuka samu, ba sai kun faɗi sunan makaranta ko na malami ba, kada mu jawo wa wani takardar tuhuma. A shiri na gaba in sha Allahu zan karanto su ɗaya bayan ɗaya, kuma za mu zauna da wata malamar makarantar kuɗi da ta yi wata shida ba albashi, mu ji yadda ta yi ta rayu.