Daga Giginya Zuwa Kasuwar Goronyo: Wane Ne Zai Tsare Talaka?

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci ga Manzonsa (S.A.W.). Bayan haka:

'Yan'uwa Musulmi, garin nan na Wurno ba don kasuwanci aka kafa shi ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mai da shi ribaɗi, wato mazaunin masu tsaron iyaka, inda manomi yake noma yana karatu, yana kuma gadi, a nan kuwa aka binne shi a 1837.

Ranar 15 ga Maris, 1903, sojojin Turawa suka ci Sakkwato a filin Giginya. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi gabas da niyyar hijira. Abin da ya tayar wa Nasara da hankali shi ne dubban talakawa da suka bar gonakinsu gab da damina suka bi shi, ba tare da an tilasta musu ba. Ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli, ɗansa Mai Wurno ya wuce da sauran jama'a har Sudan, inda garin da suka kafa yake ɗauke da sunansa har yau. Waziri Buhari kuwa ya tsaya ya yi sulhu don kada jama'a ta ƙare, ya kuma rubuta wa malamai hujjarsa. A Fabrairun 1906 talakawan Satiru suka fatattaki rundunar Turawa da fartanya da gatari, amma da yake su kaɗai ne, a watan Maris aka shafe garin, aka kashe kimanin mutum 2,000. Jarunta ba ta ishe su ba, domin tsinke ɗaya ba ya shara.

To, 'yan'uwa, mamaya ta sake zuwar mana da wata fuska. A Yulin 2018 'yan bindiga suka yi kisan gilla a Tabanni ta ƙasar Rabah. A Oktoban 2021 suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, fiye da mutum 40 suka rasu. An ga ƙauyukan da aka ɗora wa haraji kafin su girbe abin da suka shuka. Duk wanda ya hana ka gonarka, ya karɓi kuɗinka da bakin bindiga, ya mamaye ka, ko da yarenku ɗaya.

Menene mafita? Na farko, kowane masallacin Juma'a ya kafa kwamiti na malamai da dattawa da matasa, a kuma ji ta bakin mata, domin su ne ke riƙe da marayu. Na biyu, a rubuta sunan duk wanda aka kashe ko aka sace, da ranar da abin ya faru, a kai wa hukuma a rubuce, gari da gari da murya ɗaya. Na uku, a buɗe asusun ciyar da 'yan gudun hijira daga zakkar hatsi. Na huɗu, kuma shi ne mafi nauyi, a haramta ramuwa a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Ɗan sa-kai da ya kashe Bafulatani a kasuwa don kawai Bafulatani ne, ya ɗauki alhakin rai, ya kuma ba 'yan bindiga sababbin mayaƙa. Shari'a ba ta kama wani da laifin wani.

Kada wani ya ce murya ba ta da tasiri. A Agustan 2023, da ƙungiyar ECOWAS ta yi barazanar kai yaƙi Nijar, limamai da talakawan Arewa suka ce a'a, ayarin malamai ya tafi Yamai, ba a kuwa yi yaƙin ba.

Saboda haka kowa ya koma unguwarsa ya tuntuɓi limaminsa kafin Juma'a mai zuwa. Allah Ya jiƙan mamatanmu, Ya mayar da waɗanda aka sace gida, Ya haɗa kanmu a kan gaskiya. Wassalamu alaikum.