Shin Addini Ne Ke Haddasa Yaƙi da Munafunci?

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu a Sabo, Badun)

  

Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kai, tambaya ce da yaranmu masu karatu a jami'a suka dawo da ita gida. Wai ana ce musu in ba don addini ba da duniya ta zauna lafiya, kuma wai masu yawan ibada su suka fi kowa fuska biyu. Wasunmu da suka ji haka sai suka hau yaran da faɗa. To jama'a, tsawa ba ta gamsar da mai tambaya, shiru kawai zai yi abin na cinsa a ciki. Gara mu zauna mu ba su amsa. Mu kuwa da ke zaune a Kurmi muna da abin faɗa, domin mun gani da idonmu.

Mu fara da masu masaukinmu. Duk wanda ya daɗe a ƙasar Yarabawa ya san gidan da uba Alhaji ne, uwa tana zuwa coci, kaka kuma bai bar gargajiyarsa ba. Ran Babbar Salla a ci rago tare, ran Kirsimeti a ci shinkafa tare. Da a ce bambancin addini shi kaɗai ke kawo zub da jini, ai da Badun ta daɗe da zama toka.

Sannan mu tuna rigingimun da suka ci mu. A watan Nuwamba na 1999 an kashe mutane da dama a kasuwar Mil 12 da ke Ketu a Ikko, kuma tushen abin shi ne wa zai riƙe ragamar kasuwa. Ga ta Shasha nan kusa da mu, a watan Fabrairu na 2021. Daga cacar baki tsakanin ɗan dako da wata mai shago a kan kayan da suka zube, sai rai ya salwanta, sai wuta ta cinye rumfuna da gidaje. Badun cike take da Musulmi, amma a ranar ba wanda ya tsaya tambayar wani ina yake salla. Yare aka duba, da tsohuwar jiƙaƙƙa ta shugabancin kasuwa.

Haka abin yake in mun leƙa waje. Iran da Iraƙi sun shekara takwas suna yaƙi, daga 1980 zuwa 1988, dukkansu ƙasashen Musulmi. A Ruwanda, cikin 1994, an kashe mutum wajen 800,000 a kwana ɗari, alhali mafi yawan masu kisan da waɗanda aka kashe Kiristoci ne. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, inda muke da 'yan'uwa Hausawa masu yawa, janar biyu ne Musulmi suka tayar da shi a kan mulki. Wane addini za a kama da laifi a nan?

Amma fa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kada mu yaudari yaranmu mu ce ba a taɓa zub da jini da sunan addini ba. Rikicin Maitatsine a Kano, a watan Disamba na 1980, ya ci rayuka fiye da 4,000. A watan Nuwamba na 2014 an ta da bam a babban masallacin Juma'a na Kano, masallata fiye da ɗari suka rasu. Rikicin Shagamu na 1999 a kan bikin Oro ya faro, ramuwarsa ta faɗa kan Yarabawan Kano. Da aka yi rikicin Shari'a a Kaduna a 2000, 'yan'uwanmu na Aba ne suka biya. Da aka yi na Maiduguri a 2006 saboda zanen ɓatancin da aka buga a Denmak, na Anacha suka biya.

To a nan ne muke so kowa ya yi tunani. Mai sayar da albasa a Anacha, me ya haɗa shi da abin da aka yi a Maiduguri? Ɗan Ibo mai sayar da kayan mota a Maiduguri, shi ya yi zanen? Mu tambayi malamanmu, ga su nan zaune: akwai inda aka halatta a kama mutum da laifin wani? Babu. Maƙwabtanmu Kiristoci su ma in suka tambayi nasu malaman, amsar ke nan. Ashe ke nan mai kisan ya saɓa wa addinin da yake ihu da sunansa. Ɗan siyasar da ke neman kujera, da mai wa'azin da ke neman mabiya, da zauna-gari-banza mai jiran a fasa shago ya kwasa, duk sun gane cewa ba abin da ke saurin motsa zuciyar talaka kamar addini. Shi ya sa suke ara su yafa.

In ana son ganin abin da addini ke sa mutum ya yi, a duba Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa a Barikin Ladi, Jihar Filato. A watan Yuni na 2018, da 'yan bindiga suka afka wa yankin, ya ɓoye mutum fiye da 200, galibinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa. Ya tsaya a gaban maharan yana roƙo, ya ƙi miƙa ko mutum ɗaya. Shi ma fa da sunan addini ya yi.

Saura maganar munafunci, kuma a nan sai a yi mana haƙuri, don laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. An kafa unguwar nan ta Sabo a 1916, kuma da amana kakanninmu suka riƙe fataucin goro da shanu. Bafatake zai kawo garke daga Arewa ya danƙa wa mai gidansa, a sayar wa mahauta Yarabawa bashi, ba takarda ba sa hannu, kuma kuɗi su fito. Yau fa? Akwai mai sahun farko a masallaci wanda mudunsa na saye daban, na sayarwa daban. Akwai mai jera manyan tumatir a bakin kwando, ruɓaɓɓu a ƙasa. Akwai dillalin da zai rantse da Allah sau goma a kan farashin da ya san ƙarya ne. Bayarabiyar da aka cuta ba za ta ce wane ya cuce ni ba, cewa za ta yi malam ya cuce ni. Yaronmu da ke tsaye a rumfar yana kallo, shi ne gobe zai dawo da irin tambayar nan.

Addini bai ɓoye wannan ciwo ba. A cikin Alƙur'ani akwai sura guda mai sunan munafukai, akwai kuma wadda ta buɗe da gargaɗi ga masu tauye mudu. In mara lafiya ya karɓi magani ya tura ƙarƙashin tabarma, ba a zagin likita.

Saboda haka muna roƙon abu uku. Na farko, in labarin rikici ya zo daga gida ta waya, kada kowa ya yaɗa sai shugabanni sun tabbatar. Na biyu, duk saɓanin da ya taso a kasuwa, komai ƙanƙantarsa, a kai shi gaban Sarki da shugabannin masu masaukinmu tun rana ba ta faɗi ba. Na uku, kowa ya koma rumfarsa ya duba mudunsa. In yaranmu suka ga sallarmu ta hana mu cuta, rabin amsar tambayarsu ta samu.

Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya mai da kowa gidansa lafiya.