Wa Ya Kwanta a Gadon Asibiti? Lacca Kan Murar Aladu ta 2009



Duk likitan da ya daɗe a bakin aiki ya san wanda mura ke kayarwa: dattijo mai ciwon zuciya, tsohuwar da ƙirjinta ya riga ya gaji, ko jinjiri. Haka aka karantar da mu, haka kuma abin yake a murar da ke zuwa kowace shekara. Annoba kuwa ba ta bin wannan karatu, kuma shekarar 2009 ta isa shaida.

A watan Afrilu na shekarar aka gano sabuwar ƙwayar mura, H1N1, a Meziko da kudancin Kalifoniya, jama'a suka sa mata suna murar aladu. Ranar 11 ga Yuni shugabar Hukumar Lafiya ta Duniya, Dakta Margaret Chan, ta ayyana ta annobar duniya. A daidai lokacin Dakta Seema Jain da abokan aikinta a cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka suna tattara bayanan majinyata 272 da aka kwantar daga Afrilu zuwa tsakiyar Yuni. Kashi 45 cikin 100 ba su kai shekara 18 ba. Waɗanda suka kai 65 ko suka haura, kashi 5 ne kacal. Ɗaya cikin huɗu sai da aka shigar da shi ɗakin kulawa ta musamman, kashi 7 kuma suka rasu.

Da hunturu ya shiga Ostareliya da Niyu Zilan, daga Yuni zuwa Agusta, mutum 722 aka kwantar a ɗakunan kulawa ta musamman na ƙasashen biyu. Fiye da kashi 92 ba su kai 65 ba, kusan biyu cikin uku kuma sai da aka jona musu na'urar numfashi.

Me ya kare tsofaffi? Dangin wannan ƙwaya sun yi ta yawo a duniya daga 1918 har 1957, lokacin da murar Asiya ta ture su. Wanda ya yi ƙuruciya a wancan zamani jikinsa ya taɓa karo da makamanciyarta, garkuwarsa ba ta manta ba. Sai dai tsohon da ta kama duk da haka, haɗarinsa babba ne.

Inda nake so mu ɗan zauna shi ne kan masu juna biyu. Ba su wuce kashi 1 na al'umma ba, amma su ne kashi 9 na waɗancan majinyata 722, a Amurka kuma kusan kashi 5 na waɗanda suka rasu. Ku dubi mace mai cikin wata takwas. Cikin ya tokare mata huhu daga ƙasa, tana buƙatar iska fiye da da, garkuwar jikinta ta sassauta don kada ta yaƙi abin da ke cikinta. Ta zo da zazzaɓi da tari, tana magana tana tsayawa ta ja numfashi. Mai awo ya ce ai nauyin ciki ne, ya ba ta farasitamol ta koma gida. Bayan kwana uku a dawo da ita a ranga-ranga, leɓɓanta sun canja launi, hoton ƙirji ya yi fari fat dama da hagu. A ganina wannan kwana ukun ya fi komai muhimmanci a labarin annobar. Nazarin da aka buga a 2014 kan majinyata sama da 29,000 ya nuna cewa fara maganin kashe ƙwayar, irin su Tamiflu, cikin kwana biyun farko ya rage haɗarin mutuwa da kusan rabi idan aka kwatanta da fara shi a makare. Gwajin gaggawa na lokacin kuwa sau da yawa yakan ce babu, alhali akwai. Likitan da ya tsaya jiran takarda, majinyacinsa ya cuta.

Ban da ciki, asma, ciwon sukari da ciwon zuciya duk sun bayyana cikin majinyatan kamar yadda aka zata. Baƙon shi ne teɓa mai yawa, wadda a da ba a lissafa ta cikin abubuwan da ke tsananta mura. Sannan ba murar kaɗai ke kisa ba. A gawarwaki 77 da aka bincika a Amurka, 22 an same su da ƙwayoyin bakteriya da suka hau kan huhun da mura ta riga ta raunana. Limoniya irin wannan ita ake ganin ta kashe mafi yawan mutane a annobar murar 1918, wadda ta shigo Najeriya ta tashar Legas, wadda kakanninmu ke kira marisuwa.

To amma a yi hattara. Ƙididdigar asibiti leƙen kasuwa ce ta kafar ƙofa: wanda ya iso, aka kwantar, aka gwada, shi kaɗai kake gani. Mace-macen da aka tabbatar da gwaji aka kai wa Hukumar Lafiya ta Duniya kusan 18,500 ne. Ƙiyasin da aka buga a 2012 ya ce tsakanin 151,700 da 575,400 ne a shekarar farko, kusan rabi kuma a Afirka da kudu maso gabashin Asiya, inda gwajin ya fi ƙaranci. Afirka ta Kudu ta rubuta nata: cikin mamatanta na farko da aka yi wa gwajin ƙanjamau, fiye da rabi suna ɗauke da shi, abin da asibitocin Sidni a Ostareliya ba za su taɓa koya mana ba.

A Afirka ta Yamma annobar ta makara, sai farkon 2010 ta yi ƙarfi. Mu nan zazzaɓi da tari lokacin hunturu, maleriya ake fara cewa, a rubuta allura a sallami mutum. Kafin mu iya faɗin wanda mura ke kwantarwa a Kano ko Damagaram, sai kowane babban asibiti ya riƙa rubuta shekarun mai matsanancin ciwon ƙirji, ranar da ya fara, ko akwai ciki, ko sikila, ko tamowa, a kuma ɗebi majina daga hanci a aika ɗakin gwaji.