Fataucin Furotin a Cikin Ƙwayar Halitta, da Yadda Dafin Kwalara ke Bin Hanyarsa



Maganata a yau a kan ƙwayar halitta ce, watau ɗan tubalin da aka gina jikin mutum da na dabba da shi, wanda ba ya ganuwa sai da madubin likita. Ƙwayar nan tana da ɗakuna, kowanne da tantanin da ya kewaye shi, kuma lafiyarmu ta rataya a kan yadda kaya ke fita daga wannan ɗaki su shiga wancan.

Mutanen Rano da Kibiya ba baƙi ba ne ga irin wannan tsari. A labarin Hausa Bakwai, Kano da Rano ake kira sarakunan baba, saboda rini. Kowa kuwa ya san zane ba ya ƙarewa a hannu ɗaya: masaƙi ya saƙa, a kai marina a tsoma, a miƙa wa mabuga, sa'an nan a ɗaure a ba fatake. Haka furotin yake, shi ne abin da ke yin mafi yawan aikin jiki.

Masaƙansa su ne ribosom, waɗanda ke jera sinadaran amino iri 20 bisa ga umarnin da ya fito daga cibiyar ƙwayar. Furotin da za a fitar waje yakan zo da adireshi a bakinsa, kamar yadda Günter Blobel ya tabbatar a 1975. Adireshin nan ke shigar da shi ɗakin farko, mai suna retikulum, inda ake naɗe shi, a duba. Wanda ya naɗu ba daidai ba, sai a turo shi tsakar gidan ƙwayar a farfasa shi. Wanda ya yi kyau kuwa, a ƙunshe shi cikin 'yar jakar tantani, a kai shi ɗaki na biyu, wanda Camillo Golgi na Italiya ya gano a 1898, ake kuma kiransa da sunansa. Can ake ƙarasa gyaransa, a ware, a aika kowanne inda ya dace. George Palade ne ya bi diddigin wannan tafiya a jikin ɓeran Masar, ya sami lambar Nobel a 1974.

To, akwai kuma hanyar komowa. Wasu furotin ma'aikatan retikulum ne, amma sukan bi kaya su fice. Suna da tambari na amino huɗu a wutsiyarsu, da ake rubutawa KDEL, wanda Munro da Pelham suka bayyana a Ingila a 1987. Da an ga tambarin a ɗakin Golgi, sai a mai da su gida.

Wannan hanya ce kwalara ke yi wa kutse. Annobarta ta iso Afirka ta Yamma a 1970, ta yi mummunar ɓarna a Nijeriya a 1971, kuma tun daga nan takan dawo, musamman da damina. Ƙwayar cutar ba ta shiga jini. A hanji take zama tana sakin dafi. Dafin shi ma furotin ne. Yakan liƙe a tantanin ƙwayar hanji, ƙwayar ta haɗiye shi, ya bi hanyar fatake a baibai, ta Golgi har retikulum, yana ɗauke da irin tambarin nan na 'yan gida. A can sai ɓangarensa mai cutarwa ya warware kamar furotin da ya lalace, a turo shi tsakar gida, ya kuɓuta daga farfasawa. Daga nan ya sa ƙofar da gishiri ke fita ta tsaya a buɗe, ruwa ya bi gishirin zuwa cikin hanji. In abin ya tsananta, babban mutum kan zubar da kusan lita 1 cikin awa guda.

Amma Allah bai saukar da cuta ba sai da magani. Akwai wata ƙofa a ƙwayar hanji da ke shigar da gishiri tare da sukari, dafin kuma ba ya taɓa ta. Gishiri na shiga, ruwa zai biyo shi. Asirin ruwan gishiri da sukari ke nan: lita 1 ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A yi ta ba mara lafiya yana kurɓa, ana kuma hanzarin kai shi asibiti.

Ɗalibai, kada ku raina nazarin abin da ido ba ya gani, domin da shi ake gane dalilin magani. Ku kuma ma'aikata, naku aikin ya riga na likita: rijiya mai murfi, masai nesa da ita, da ƙunshin gishiri da sukari a kowace shamagani ta ƙauyukan Rano da Kibiya tun kafin ruwa ya sauka.